DARASI: GYARAN SIFFOFIN TSARKAKA A KOGON MARYAMU NA MAKARANTUNMU

Karatu: Fitowa 20:1-6, 25:17-22, Littafin Ƙidaya 21:4-9, 2 Sarakuna 12:4-15, Kolosiyawa 1:15-20.

Manufa: Iyaye da 'ya'ya su san dalilin da ya sa Ikkilisiya take ajiye siffofin tsarkaka, su iya ba da amsa cikin ladabi idan an tambaye su, su kuma san hanyar da ta dace a bi idan siffa ta lalace.

Gabatarwa

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla 'yan arewa ne waɗanda aikin soja, aikin ɗan sanda, kasuwanci ko gadi ya kai su Fatakwal, Anacha da Inugu. 'Ya'yansu suna shiga makarantun mishan na waɗannan garuruwa. A irin waɗannan makarantu akan sami wani ɗan gini na duwatsu a gefen fili, da siffar Budurwa Maryamu a tsaye a ciki. Shi ne kogon Maryamu, wanda aka fi sani da guroto. A nan yara sukan taru su yi Rosari a watan Mayu da na Oktoba, nan ne kuma sukan durƙusa idan jarrabawa ta gabato.

Sai dai wanda ya matsa kusa zai tarar siffofi da yawa sun sha jiki. Fenti ya ɗaye, fuska ta yi baƙi, yatsu sun guntule, gansakuka ta rufe ƙafafu. Yaron da yake zaune a Mile 3 cikin Diobu, inda 'yan'uwanmu Hausawa Musulmi suke kasuwanci, yakan sha tambaya daga abokan wasansa: "Ashe ku gunki kuke bauta wa?" Wani abokinsa na wata ɗarikar Kirista ma yakan yi masa wannan tambaya. Idan siffar ta lalace har aka bar ta a haka, sai tambayar ta ƙara nauyi: abin da kuke girmamawa, me ya hana ku kula da shi? Wannan darasi zai duba tambayoyin nan biyu.

1. Yadda kogon Maryamu ya shigo makarantunmu

Asalin wannan gini yana Lourdes, a kudancin Faransa. Daga 11 ga Fabrairu zuwa 16 ga Yuli na shekarar 1858, wata yarinya 'yar talakawa mai shekara 14, Bernadette Soubirous, ta shaida cewa Budurwa Maryamu ta bayyana gare ta sau 18 a bakin wani kogon dutse. A 1864 aka kafa siffar marmara a daidai wurin. Tun daga nan Katolika a ƙasashe da yawa suka riƙa gina ƙananan koguna a majami'u, asibitoci da makarantu don tunawa.

A watan Disamba na 1885 Fada Joseph Lutz na ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki ya sauka a Anacha. Bayansa Bishop Joseph Shanahan ya mai da makaranta babbar hanyar yaɗa bishara a ƙasar Ibo da kewaye. Daga wannan aiki ne aka sami kwalejin Christ the King a Anacha a 1933, kwalejin Immaculate Conception a Inugu a 1940, da kwalejin Stella Maris a Fatakwal a 1948. Ku lura da sunayen: biyu daga cikin ukun nan sunayen girmamawa ne na Maryamu. An kafa Dayosis na Fatakwal a 1961, Bishop Godfrey Okoye ne ya fara riƙe shi.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya lalata gine-gine da yawa. Bayan yaƙin gwamnati ta karɓe makarantun mishan, aka kuma sallami masu mishan na ƙasashen waje da dama. Shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya ɗauki kula da wuraren addu'a na makarantu a matsayin aikinsa. Daga baya wasu jihohi suka mayar da makarantu ga masu su. A 2011 Jihar Anambra ta mayar wa ikkilisiyoyi makarantun firamare fiye da 1,000. Inda makaranta ta dawo hannunmu, hakkin kula da ita ya dawo kanmu, ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi.

2. Siffa da gunki

A Fitowa 20 Ubangiji ya hana Isra'ilawa su sassaƙa wani abu don su yi masa sujada ko su bauta masa. Wannan doka tana nan daram, ba ta tashi ba. Da suka ƙera ɗan maraƙin zinariya suka kira shi allahnsu, hukunci ya sauko musu (Fitowa 32). Amma a cikin wannan littafi, babi na 25, Ubangiji da kansa ya umarci Musa ya sa a ƙera kerubobi biyu na zinariya a bisa akwatin alkawari. A Littafin Ƙidaya 21 ya sa a yi macijin tagulla a ɗaga a kan sanda, wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Ubangijinmu Yesu ya nuna cewa wannan maciji alama ce ta ɗaukakarsa a kan gicciye (Yahaya 3:14).

Ku duba abin da ya faru daga baya. A zamanin Sarki Hezekiya mutane suka fara ƙona wa macijin nan turare, sai sarki ya farfashe shi, Littafi Mai Tsarki kuwa ya yaba wa sarkin (2 Sarakuna 18:3-4). Tagullar ba ta sake ba, zuciyar mutane ce ta karkace. Saboda haka abin da yake mai da siffa gunki shi ne a ba ta sujadar da ta Allah ce shi kaɗai, ko a gaskata cewa akwai iko a cikin siminti ko katako.

Ikkilisiya ta sha gardama mai zafi a kan wannan. Wajen shekara ta 726 Sarki Leo na Uku na Kustantiniya ya soma yaƙi da siffofi da zane-zane masu tsarki, aka farfasa da yawa. Waliyi Yohanna na Dimashƙu, wanda ya yi zamansa a ƙarƙashin mulkin Musulmi, ya kare su da hujjar cewa a dā ba a iya zana Allah domin ba a ganinsa, amma tun da Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, idanu sun gan shi, hannuwa sun taɓa shi, ana iya zana kamannin da ya ɗauka. A 787 babban taron bishop-bishop na biyu a Nikiya ya yanke cewa sujada ta Allah ce kaɗai, siffa kuwa girmamawa ake yi mata, girmamawar kuma tana wucewa ne zuwa ga wanda siffar take nunawa. Taron Trent ya sake tabbatar da wannan a 1563. Taron Vatikan na Biyu a 1963 ya ce a ci gaba da ajiye siffofi a majami'u, amma kada su yi yawa fiye da kima har su rikitar da masu bi.

Ga misalin da yaro zai iya bayarwa. Soja da yake bakin aiki yana ajiye hoton mahaifiyarsa a aljihu. Ya san takarda ce. Duk da haka ba zai yarda a taka ta ba, domin wulaƙanta hoton wulaƙanta mai hoton ne. Iyaye, ku koya wa 'ya'yanku su faɗi wannan da murmushi, ba da faɗa ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna ganin darajar Maryamu ƙwarai, har akwai sura guda a Alƙur'ani mai ɗauke da sunanta. Sun bambanta da mu a kan siffofi, wannan kuwa ba dalilin zagi ba ne daga kowane ɓangare.

3. Abin da yake cin siffa

Ruwan sama da yake zuba a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, ya fi ninki biyu na abin da Kano take samu. Iska tana ɗauke da danshi kusan duk shekara, da ɗan gishiri daga teku. Tun daga ƙarshen 2016 kuma mazauna garin suka fara kuka da baƙar toka mai sauka daga sama, wadda aka danganta da tace ɗanyen mai ba bisa ƙa'ida ba da ƙone-ƙonen da suke biyo baya. A Mile 3 akwai ƙarin hayaƙin motocin tasha da na janareto. Duk waɗannan suna sauka a kan siffar da take tsaye a fili dare da rana.

Yawancin siffofin makarantu na siminti ne, da rodi ko waya a ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ruwa yakan bi 'yar tsaga ya kai ga ƙarfe, ƙarfe ya yi tsatsa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta kumbura ta tura simintin daga ciki har ya fashe. Shi ya sa yatsu, hanci da bakin mayafi suke fara zubewa, domin a nan siminti ya fi sirantaka. Jan zane mai gangarowa a jikin siffa alama ce cewa tsatsa ta kama.

Siffar filasta, irin wadda ake zubawa a mazubi, ta cikin ɗaki ce. Idan aka fitar da ita waje ruwa yakan narkar da ita a hankali. Siffar faiba ba ta tsatsa, amma rana takan cinye fatarta har ta yi gari-gari. Marmara tana da ƙarko, amma duk abin da yake da tsami yana cin ta. Katako kuwa gara da danshi ne abokan gabansa. Akwai kuma ɓarnar da mu kanmu muke yi da kyakkyawar niyya: duk shekara a shafa fentin mai a kan datti da danshi. Fentin yakan rufe ruwa a ciki, ya kumbura, ya ɗaye, kuma shafi a kan shafi yakan cike idanu da leɓuna har kamannin fuska su ɓace. Kyandir da ake kunnawa dab da ƙafafu shi ma yana barin baƙi da kitse.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Babbar siffar Kristi Mai Fansa a birnin Rio na Burazil, mai tsawon mita 30, wadda aka gama a 1931, ta siminti da ƙarfe ce. An yi mata babban gyara a 2010, a 2014 kuma tsawa ta guntule mata yatsa aka sake gyarawa.

4. Darasi daga Sarki Yowash

A 2 Sarakuna 12, Sarki Yowash ya umarci firistoci su gyara tsagogin Haikali da kuɗin da jama'a suke kawowa. Har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara kome ba. Sai Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade. Idan kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist sukan zo tare su ƙidaya, su miƙa wa masu lura da aiki, su kuma su biya masassaƙa, magina da masu fasa dutse. Littafin ya shaida cewa masu lura da aikin nan amintattu ne, har ba a bukaci a bi su da lissafi ba.

Abu uku muke koya. Na fari, umarni da kyakkyawar niyya kaɗai ba su gyara gini. Sai an sa wa aikin mutane da tsari. Na biyu, kuɗin gyara a ware shi dabam, mutum biyu ko fiye su ƙidaya, a karanta wa iyaye a taro. Aikin Allah da yawa ya tsaya domin jama'a sun ba da kuɗi sau ɗaya ba su ga inda ya shiga ba. Na uku, a ba masu sana'a aikinsu, a biya su hakkinsu. A Fitowa 31 Ubangiji ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da hikimar sassaƙa da ƙira. Gwaninta baiwa ce daga Allah, ba kowa aka ba ba.

5. Matakan gyara

Na ɗaya, a nemi izini. Dokar Ikkilisiya ta 1983, sashe na 1189, ta hana a gyara siffa mai daraja saboda tsufanta, ko gwanintar aikinta, ko yawan girmamawar da ake yi mata, sai da rubutaccen izinin shugaban Ikkilisiya na wurin, shi kuma sai ya shawarci masana. Ko siffar makaranta ba ta kai wannan matsayi ba, kada kowa ya taɓa ta sai Fada da shugaban makaranta sun sani. A 2012 a garin Borja na Sifen wata dattijuwa mai ibada ta ɗauki buroshi don ta gyara tsohon zanen fuskar Yesu, sai fuskar ta koma abin dariya a duniya. A 2018 a garin Estella na ƙasar aka shafe wata siffar katako ta Waliyi George, mai kusan shekara 500, da fenti mai ƙyalli; hukuma ta ci tara, aka kuma sake kashe kuɗi don a warware ɓarnar. Garin neman gira aka rasa ido. Amma da wani mutum ya sari siffar Pieta ta Michelangelo da guduma a Vatikan a 1972, masana ne suka tattara gutsattsarin, suka yi watanni suna aiki, har ta dawo kamar dā.

Na biyu, a ɗauki hotunan siffar ta kowane gefe kafin a fara, a nemi tsofaffin hotuna wurin tsofaffin ɗalibai don a san launinta na asali. A tattara duk guntun da ya faɗi a ajiye.

Na uku, a zaɓi lokaci. A Fatakwal, Anacha da Inugu, daga Disamba zuwa Fabrairu ne ruwa yake ɗaukewa. A shirya kuɗi da ma'aikaci tun damina.

Na huɗu, a toshe hanyar ruwa tukuna. A gyara rufin kogon, a yi wa ruwa magudana, a sare reshen da yake ɗiga a kai, a ɗaga gindin siffar daga ƙasa. Wanda ya yi fenti bai yi wannan ba, damina ɗaya za ta mayar da shi baya.

Na biyar, a wanke da ruwa mai tsabta, sabulu marar ƙarfi da buroshi mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. Kada a sa buroshin ƙarfe ko ruwan batir. A kankare fentin da ya ɗaye a hankali, a jiƙe. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda ƙurarta take cutar da ƙwaƙwalwar yara; saboda haka kada a goge shi a bushe, kada kuma a sa ɗalibai wannan sashe na aikin.

Na shida, inda tsatsa ta fasa siminti, a buɗe wurin har a kai ga ƙarfe mai lafiya, a goge tsatsar, a shafa maganin hana tsatsa, sa'an nan a cike da kwaɓin siminti kashi ɗaya da yashi mai laushi kashi uku. A riƙa yayyafa wa wurin ruwa har kwana 7, a bar shi wajen kwana 28 kafin fenti ya hau.

Na bakwai, a yi amfani da fentin bango na waje, wanda yake barin danshi ya fita, a shafa shi siriri sau biyu ko uku. Fuska da hannuwa a bar wa gwanin zane. A kiyaye alamun kowace siffa, gama suna koyarwa: Maryamu ta Lourdes tana da farar riga, shuɗiyar ɗamara da furen rawaya a kan kowace ƙafa, Waliyi Yusufu yana riƙe da farin fure, Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, ɗan Aguleri, wanda Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaukaka a Oba kusa da Anacha ranar 22 ga Maris 1998, akan nuna shi da farar rigar zuhudu da baƙin ƙyalle a gaba.

Na takwas, idan aiki ya ƙare a gayyaci Fada ya sa albarka a gaban ɗalibai da iyaye. Siffar da ta wuce gyara kuwa ba a jefa ta a juji. Al'adar Ikkilisiya ita ce a binne ta a wuri mai tsabta, ta katako kuma a ƙone a binne tokar.

Bayan haka a sa ranar wanki sau biyu a shekara, a ba aji ɗaya ko Zumuntar Mata alhakin shara da furanni, a matsar da kyandir nesa da siffar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

6. Siffar da ta fi duka daraja

Wani zai ce, makarantar da rufin ajinta yake yoyo, yara kuma suna zaman gida saboda kuɗin makaranta, me ya kai ta kashe kuɗi a kan siminti? Tambaya ce mai kyau. Waliyi Yohanna Kirisostom ya yi wa mutanen zamaninsa faɗa domin suna ƙawata bagade da zinariya alhali Kristi yana kwance da yunwa a ƙofa cikin jikin matalauci. Bai hana ƙawata ɗakin Allah ba, ya ce a fara da mabukaci. Saboda haka kwamitin da zai gyara kogo ya yi aiki daidai ƙarfinsa, kada ya ci bashi don gasa da wata makaranta, kada kuma a kori yaro daga aji domin iyayensa ba su ba da gudummawa ba. Yana da kyau a ware kashi daga abin da aka tara don ɗalibi maraya.

Farawa 1:27 ta koya mana cewa an halicci mutum cikin siffar Allah. Waliyi Atanasiyus na Iskandariya, a ƙarni na 4, ya ba da misali da hoton da aka zana a kan allo, datti ya ɓata shi. Mai zane ba ya jefar da allon. Yakan kira mai hoton ya sake zama a gabansa, ya sabunta kamannin a kan allon nan na dā. Haka Ɗan Allah, wanda shi ne ainihin surar Uba, ya zo don ya sabunta siffar da zunubi ya ɓata a cikinmu. Zunubi ma kamar tsatsa yake, daga ciki yake ci, ta ƙaramar tsaga yake shiga. Wanda ya rufe shi da sabuwar rigar Lahadi bai yi tuba ba, ya yi fenti ne a kan danshi. Furta zunubi shi ne buɗe wurin har a kai ga ƙarfen, alherin Allah kuwa shi ne yake cikewa.

Tambayoyi don nazari a gida

1. Mece ce bambancin kerubobin Fitowa 25 da ɗan maraƙin Fitowa 32?
2. Don me Hezekiya ya farfashe abin da Allah da kansa ya sa aka ƙera? Ta yaya Kirista na yau zai iya faɗawa cikin wannan kuskure?
3. Idan abokinka ya ce kana bauta wa gunki, da waɗanne kalmomi za ka amsa masa?
4. Wane tsari na Yehoyada ne za mu iya bi wajen riƙon kuɗi a makarantarmu ko majami'armu?
5. Akwai wani yaro a unguwarmu wanda siffar Allah a cikinsa take bukatar kulawarmu a wannan wata?

Abin yi: A wannan mako iyali su ziyarci kogon makarantar 'ya'yansu, su duba rufi, tsaga da alamar tsatsa, su kai wa Fada ko shugaban makaranta rahoto.

Addu'a

Ya Allah Uba, kai da ka yi mu cikin siffarka, ka kuma aiko da Ɗanka don ya sabunta mu, ka tsare zukatanmu daga bautar kowane abu in ba kai ba. Ka ba mu aminci wajen riƙon kayan ɗakinka, ka sa wa hannuwan masu sana'a albarka, ka kiyaye 'ya'yanmu a makarantunsu, ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Bari roƙon Budurwa Maryamu, Sarauniyar Nijeriya, ya taimake mu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.